Wandon Yayana da Dokar Ci da Wuri

Yau tun da na buɗe shago ban ɗinka wa kowa ko maɓalli ba, ina ta fama da wandon yayana. Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane lokacin da ƙugu ya fi ƙarfin yadi. Na farke ɗinkin baya na duba, babu sauran rarar da zan saki. Wadda ke ciki tun bara na sake ta.

Yaya direban wani Yallaɓai ne, Uban Lafiyar Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa faɗi. Kwanan nan ofishinsu ya fito da shiri mai suna Ci da Wuri. Wai masana sun ce wanda ke tsallake karin kumallo, ya wuni da yunwa, sannan ya cika ciki dab da kwanciya, shi ƙiba ta fi saurin kamawa. Magana ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai an haɗo ta da doka: gobe za a jera ma'aikata a duba su, duk wanda tufafin aikinsa suka matse shi, ya ajiye makulli ya koma gida. Yaya kuwa ga mata ga yara, ga tsohuwarmu a hannunsa.

Maƙwabcina mai aski ya leƙo, ya tarar da Yaya zaune a kan benci da tawul a ƙugu, yana jiran wando.

"Direba," in ji shi, "kai da kullum kake kukan yunwa, wannan tumbin gado ne ko aro?"

"Na zaman jira ne," in ji Yaya. "Kafin matata ta hura wuta na fita, don Yallaɓai ba ya son ya buɗe ƙofa bai ga mota ba. Da rana shi yana ciki ana taro da cokali, ni ina waje, ba halin in gusa kada ya fito ba na nan. In na koma gida, na safe da na rana da na dare duk a kwano ɗaya nake haɗa su. In wanke hannu, in faɗi."

"To ka riƙa tafiya da kular abinci mana," in ji mai aski.

"Na gwada. Ya ce motarsa tana warin albasa. Na mayar da kular but ɗin bayan mota, kafin in sami sararin buɗe ta, zafin rana ya riga ni."

Ni dai ban ga laifin manya ba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar ƙaddamar da shirin ma an tara direbobi tun gari bai gama wayewa ba, aka ce kowa ya zo da nutsuwa. Yallaɓai bai iso ba sai da inuwa ta miƙe. Ya yi dogon jawabi a kan amfanin karin kumallo, har wani maigadi ya zame daga tsaye, aka ce daɗin jawabi ne ya kwashe shi. Da aka tashi, manya suka shige ɗakin cin abinci, ragowar ta iso wa direbobi bayan rana ta faɗi.

Mai aski ya ce, "Shi Yallaɓan za a auna shi goben?"

Na ce masa, a matsayina na tela, wandon da ake yanka sabo kowane wata ba ya matse mutum. Saboda haka Yallaɓai siriri ne a idon doka.

Muka yi dariya, ban da Yaya. Ya zuba wa wandon ido kamar mai jinya a bakin gado. Ba a fafe gora ranar tafiya, tumbin da aka daɗe ana ginawa ba zai sauka kafin gobe ba. Na juya wandon, na sake juyawa, sai idona ya faɗa kan aljihunan baya guda biyu, yadinsu ɗaya da na jiki. Na farke su a hankali, na yanka, na dasa a tsakiyar baya, na bi da guga har ɗinkin ya kwanta.

Yaya ya sa, ya ja numfashi ciki, maɓalli ya shiga. Ya saki numfashin kaɗan-kaɗan, maɓalli bai tashi ba.

"Ƙane, Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "To baɗi fa?"

Na duba ƙasa na ce, "Ƙafafun suna da tsawo, Yaya."

Don haka jama'a, in wata rana kuka ga direba da wando iya gwiwa yana buɗe wa wani babba ƙofa, kada ku yi masa dariya. Ku miƙa masa burodi, in da hali da safe.