Rasuwar Wayar da ta Riƙe Rundunar Ganuwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Malam Shamsuddeen, mai shagon iri da maganin feshi a Makarfi, nake sanar da rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Asabar bayan la'asar, tana da shekara shida a hannuna. Ba zan yi mata addu'ar da ake yi wa mutane ba, domin ƙarfe ce da gilashi, kuma na san iyaka. Amma haƙƙinta ne a faɗi halinta.

Marigayiya ba ta da girman kai. Fuskarta ta tsage tun ranar da ta faɗo daga kan buhun taki, ba ta fasa aiki ba. A kanta na koyi wasan yaƙin da muke yi mu huɗu a bencin shagona, ni da Salman tela da Usmanu da Bobbo, muna karawa da mutanen Kudan ta intanet duk Asabar bayan la'asar. A wasan, kowa yana zaɓar rundunar da zai jagoranta. Na zaɓi Rundunar Ganuwa, sojan ƙasa masu yawa, waɗanda sai sun yi noma, sun tara itace, sun gina katanga kafin su fita yaƙi. Mutanen kirki ke nan. Salman ya zaɓi Rundunar Sama, 'yan jirage ƙalilan da ke lallaɓowa ta baya su ƙone rumbun mutum yana tsakiyar aiki. Na gaya masa a fuskarsa cewa wannan tarbiyyar ɓarayi ce. Shi ake tafa wa har yau.

Ciwon ajalinta daga zaɓina ya fito, ba zan ɓoye ba. Soja ɗari uku a allo ɗaya sun fi ƙarfin tsohuwar waya. Jikinta ya riƙa zafi kamar dutsen guga, ƙahon yaƙinta mai cewa "tuuu-tu" ya koma "t-t-t". Maganin da na saba yi mata shi ne in kwantar da ita a kan faifan da ke rufe randar shago, ta sha sanyi minti biyu. Ranar Asabar ina gab da rushe ƙofar Kudan, karo na farko cikin wata bakwai da nasara za ta biyo ta hannuna, sai zazzaɓin ya taso. Na ɗora ta a kan faifai. Ashe wanda ya sha ruwa a ƙarshe bai mayar da shi daidai ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsulum".

Salman ko kai bai ɗago ba. Jiragensa bakwai suka bi ta ƙofar da sojana suka yi awa guda suna rarakewa, aka rubuta sunansa a sama. Sabuwar wayarsa mai ido uku ko ɗumi ba ta yi ba. Na roƙi Allah ya raba ni da hassada. Ina nan ina roƙo.

Kwana uku ta yi a cikin buhun shinkafa. Mai gyara a Ikara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya miƙo mini. Ta rasu ta bar caja guda ɗaure da roba, layi biyu, da soja ɗari uku tsaye a bakin ƙofa babu mai ba su umarni.

Labari ya iso ni cewa tun ba a binne ta ba, ana shawarar ba wa Abdulrahman, ƙanin matar Salman, gurbina. Shi ma ɗan jirage ne.

Saboda haka, za a naɗe marigayiya a farin hankici, a sa ta a ƙasan akwatin takarduna ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu daidai. Za a yi zaman makoki a bencin shago daga la'asar zuwa magariba, kowa wayarsa a kashe, kuma haka duk Asabar har raken gonata ya nuna in sayar in sayi wata wayar. A sanar da mutanen Kudan muna cikin rashi. Salman ne zai buɗe taro da jawabi.