Jan Ƙyalle a Bakin Komadugu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar kai kayan jikata Falmata ba. Shekarar ce kogin Komadugu ya tumbatsa, ya shiga gonakin tattasai ya kwanta shiru, sai ka ga sama biyu, ɗaya bisa, ɗaya ƙasa. Gidan ango yana ƙetaren fadama, hanya biyu ke zuwa can, duk kan tudun da aka tara don tare ruwa. Mutanen meri, wato ma'aikatan magajin gari, sun bi sun kafa sanduna, hanya ɗaya da koren ƙyalle, ɗaya da ja.

Ni ce babba, ni ke gaba, mata na biye da kwalla da tabarmi. A kaina tukunyar turaren wuta ce, da hannuna na haɗa shi tun kafin damina (a garin nan amarya ba turare, ai gara a ɗaga bikin).

Muka iso mararraba da hantsi. Iska na kaɗa jajayen ƙyallen nan a hankali, inuwarsu na rawa cikin ruwa, sai na ga kamar shanyar tattasan mahaifina, lokacin da fili ke yin ja har iyakar ido. To ku gaya mini, macen da ta tsufa cikin tattasai, me ja ke ce mata? Cewa yake, "Na nuna, zo." Kore kuwa ɗanye ne, a dakata.

Ƙawata Ya Kolo ta taɓa ni. "Ke Hajiya, an ce jan nan haɗari ne fa."

"In ji wa? Koren ne ba su gama gyarawa ba. Ku biyo ni."

(Da muryar manya na faɗa, har da ɗaga hannu.)

Ba wadda ta biyo. Ni kaɗai na taka, ina tafiya kamar cikin barci, balbelu na tashi dama da hagu, ƙasa na ƙara laushi, ina jin daɗinta a tafin ƙafa. Sai ta buɗe, ba gaggawa, ta haɗiye ni har ƙugu.

Wani masunci ya turo kwalekwale. "Kaka, miƙo hannu!"

"Karɓi tukunya tukuna, ɗan nan."

Ya karɓa, ya ciro ni. Ni dai na fito, zanena laka ta riƙe. Dangin ango kuwa sun jeru a bakin ruwa tarbarmu, mai guɗa ta soma, guɗar ta maƙale mata. Ya Kolo ta zagayo ta hanyar kore, tana dariya har da hawaye, ta naɗe ni da tabarmar amarya. Haka na shiga gidan surukai, a naɗe, ina amsa gaisuwa da kai. Turare ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Tun ranar, in muka iso inda aka kafa ƙyalle, ko wane launi ne, nakan gyara murya in ce, "Ya Kolo, ke ce babba, wuce gaba." Alhali na girme ta.