Yadda Za Ka Zana wa Mahaifiyarka Tekun da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Kai mai riƙe da wannan takarda, kwantar da hankalinka, ka zo inda ake maganin irin matsalarka. Ina ba ka tabbacin cewa in ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, cikin kwana tara za ka zana teku da fentin mai irin na manyan masu zanen Amurka na farkon ƙarnin da ya wuce, ba tare da ko ɗan yatsan ƙafarka ya taɓa ruwan gishiri ba. An gwada hanyar a kan mutum guda, Zabeirou ɗan Tasawa, mai wankin mota a titin High Point Road na garin Greensboro a Amurka, a shekarar 2006, kuma ta yi aiki. Da shi za mu yi misali, tunda shi ya riga ya sha kunyar, kai naka bi kawai.

Mataki na 1: Yi ƙarya tun da wuri

Ba a zana teku haka siddan. Sai da dalili, kuma dalilin da ya fi ƙarko shi ne ƙaryar da ka yi wa mahaifiyarka shekara shida da suka wuce.

Ranar da Zabeirou ya fara kiran gida daga Greensboro, Inna Fassouma ta tambaye shi ko garin nasu yana da ruwa. Maimakon ya ce akwai famfo, sai bakinsa ya kufce ya ce, "Inna, ai a bakin teku muke." Alhali daga nan zuwa teku tafiyar fiye da awa uku ce a mota. Shi kuwa tun da ya faɗa tafkin bayan gari yana ɗan shekara bakwai aka jawo shi ta ƙafa, ko bahon wanka ba ya yarda ya cika. Ranar da jirgi ya ƙetare teku da shi ma, rufe taga ya yi ya ja bargo har ka.

Ƙarya irin wannan ciyar da ita ake yi. Duk kiran waya Inna takan tambayi lafiyar teku kamar wani maƙwabci, shi kuma ya ce yana nan lafiya, jiya ya ɗan yi fushi amma ya huce.

Ana haka idanun Inna suka fara dusashewa. Na hagu ya tafi, na dama kuma likitan Maradi ya ce kafin damina mai zuwa zai bi ɗan'uwansa. Zabeirou ɗan fari ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunya ba ta bari. Ran nan a waya ta ce, "Kai wannan, kahin idon nan shi ruhe, ina son in ga tekun nan naka. Katin hoton da ka aiko bara sumul yake, ban ga komi ba sai walƙiya."

Ya ce to. Ya ajiye waya, tausayinta da kunyar kansa suka haɗu suka rufe shi. In kai ma ka kai nan, madalla, ka cancanci mataki na biyu.

Mataki na 2: Nemo tsohuwa mai littafi

Kowane wurin wankin mota yana da tsohuwa guda da ke kawo mota mai tsabta a wanke mata don ta samu abokin hira. Ta Zabeirou ita ce Misis Pegram, tsohuwar malamar zane da ke zaune a Pleasant Garden. Yana goge mata gilashi ya zayyane mata komai, har da jirgi da bargo.

Talatar da ta biyo baya ta zo da wani littafi mai nauyin jariri. Ta buɗe a kan bonet ta nuna masa aikin wani tsohon mai zane na ƙasar nan, wanda ta ce yakan tafi can arewa da bazara ya zauna a kan duwatsun gaɓa yana kallon ruwa. Zabeirou ya duba, ya juya littafin, ya sake dubawa.

"Misis, wannan an gama shi kuwa?"

"An gama shi tun kafin a haifi babanka," in ji ta. "Duba nan. Bai ƙirga igiyar ruwa ba. Launi huɗu ko biyar kawai. Dutse, ya dangwara baƙi guda. Kumfa, ya laɓta fari da wuƙa, mai kauri har ya tashi. Wasu wuraren ya bar ƙyallen haka, ko fenti bai sa ba, har katakon gefen ma ya bi da burushi. Ba kamannin teku yake zanawa ba, abin da teku yake yi yake zanawa."

Riƙe wannan jimla ta ƙarshe da kyau. Duk wanda ya ce zanenka bai yi kama ba, jefa masa ita ka wuce.

Mataki na 3: Kada ka kuskura ka je teku

Masu gajeren tunani za su ce ka ɗauki mota ran Lahadi ka je ka gani da idonka. Kada ka saurare su. Ganin abu yana ɓata wa mai zane hankali, kuma akwai ruwa a wurin.

Nemo tekunka a inda kake. Zabeirou ya fara gwada tafkin filin golf na Sedgefield, sai ya tarar ruwan kwance yake kamar wanda ya ci tuwo ya ƙoshi, ga agwagi suna hararar sa. Ya gwada injin wanki na unguwa, ya tsuguna yana kallon wandunan wani suna juyawa har mai wandunan ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

A ƙarshe ya gane tekun yana wurin aikinsa tun shekara shida. Da hutun rana ya shiga tsohuwar motarsa, ya ɗaga gilashi, ya tura ta cikin injin wankin mota. Ruwa ya yi tsalle ya mari gilashin gaba, kumfa ta rufe duniya, manyan burusai shuɗaye suka taso daga dama da hagu suna gurnani, motar na girgiza. Zabeirou ya damƙe sitiyari yana salati da ƙarfi. Da ya fito ta ɗaya gefen gumi ya jiƙe masa riga, amma ya san abin da ruwa yake yi wa mutum. Sau bakwai ya bi ta ciki, har fentin ƙofar direba ya fara kwarewa.

Mataki na 4: Laɓta, kada ka shafa

Sayi ƙyallen zane wanda aka ɗaure a katako, da shuɗi, fari, baƙi da kore. Ajiye burushi gefe. Ɗauko wuƙar shafa bota a kicin, zai fi kyau matarka ba ta gida.

Rahina, matar Zabeirou kuma uwar 'yarsa Malika, 'yar Kano ce mai aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma ba ta da haƙurin abin da ba ta gane ba. Ta dawo daga aiki da la'asar ta tarar da mijinta a tsaye a kicin da singileti, ya kunna fanka tana busa masa fuska don ya ji iskar gaɓa, ya ajiye kofin ruwan gishiri yana ɗan kurɓa yana yamutsa fuska.

"Baban Malika, wannan wuƙar botata ce?"

"Yanzu ta teku ce."

"Shi wannan baƙin ƙulun fa?"

"Dutsi ne."

"To wallahi kamar an kifar da tukunyar tuwo a kan zanen gado. Kuma warin nan, in landlord mai gidan nan ya ji, ni ba na nan."

Ya gyara tsayuwa ya ce mata ba kamannin teku yake zanawa ba, abin da teku yake yi yake zanawa. Ta ce to a gaishe da tekun, ya yi mata ɓarna a kicin, saura ya biya ta wuƙa. Amma da ta ji don Inna ne sai ta tsaya a bayansa ta ƙare wa zanen kallo, sannan ta ce farin bai isa ba, ya ƙara. Ya ƙara har kumfar ta tashi kaurin ɗan yatsa.

Mataki na 5: Samo shaidar dattijo

Kowane zane yana buƙatar mai kai shi, kuma a nan garin duk mai tafiya gida gidan waya ne, ko ya so ko ya ƙi. Mai tafiya a wannan karo Alhaji Seydou ne, dattijon 'yan Nijar, mutumin da ba ya ɗaukar saƙo sai ya buɗe ya gani. Ya zo bayan sallar Juma'a, ya sa tabarau, ya sunkuya a kan zanen.

"Akwai mai rai a ciki? Ni ba ni ɗaukar hoton mai rai."

"Babu, Alhaji. Ko kihi guda babu."

Alhaji ya ja baya, ya matso, ya karkatar da kai. "Bon. Mai rai dai babu. Marar ran ma ban gane shi ba. Halal ne."

Ka ga amfanin wannan salo ke nan. Ba a taɓa kama mai shi da laifin zana wani abu ba.

Mataki na 6: Yi kunnen uwar shegu da maganar bushewa

Misis Pegram ta ga zanen, ta dafa ƙirji ta ce akwai ruwa a cikinsa, ba ta san inda ya samo shi ba. Sannan ta ce fenti mai kaurin nan sai ya yi wata shida kafin cikinsa ya bushe, kada kowa ya taɓa. Jirgin Alhaji saura kwana uku. Idon Inna kuma ba zai jira wata shida ba, Zabeirou ya san haka, shi ya sa bai ko yi gardama ba.

Rahina ta busa shi da na'urar busar gashi kwana biyu har sama-sama ya yi fata. Suka yi masa kwali mai kyau da sarari a ciki. Alhaji ya ɗaga kwalin ya ce valise ɗinsa, wato akwatin tafiyarsa, ba ta da wurin iska, ga maganin ƙafar wance, ga takalman wane, ga wayoyi goma sha ɗaya. Ya zare zanen daga kwali, ya kwantar da shi a tsakiyar farar shaddarsa ta Sallah don kada ya karye.

"Alhaji, bai gama bushewa ba."

"Shekara talatin ina ɗaure kaya, yaro. Zo ka hau mu ja zip."

Dattijo ya ce ka hau, sai ka hau. Zabeirou ya zauna a kan akwatin, ya ji wani abu ya yi laushi a ƙarƙashinsa, ya rufe ido.

Mataki na 7: Jira waya

Kwana biyar bai ci abincin kirki ba. Ran Asabar da hantsi yana cikin goge wata mota waya ta yi ƙara. Alhaji ne daga Tasawa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce shaddarsa yanzu tana da dutse a ƙirji da kumfa a gindi, in ya sa ta ran Idi yara za su bi shi da ihu. Da ya gaji ya ce, "Ga tsohuwarka."

Zabeirou ya jingina da motar mutane.

"Kai wannan," in ji Inna. "Seydou ya aza min abin bisa cinya. Da ido ban ga komi ba sai shuɗi da hwari. Sai na sa hannu."

"Inna, ba a taɓa..."

"Yi min shiru. Na bi shi da yatsa. Nan ya hau, nan ya hwaɗi, nan ya daki wani abu mai tauri ya watse. Ban taɓa jin hoto shina hawa da sauka ba. Da na danna sai ya hwashe, yatsuna duka suka jiƙe. Na ce ma Seydou, ka gani, ruwan bai ƙare ba, har ya iso Tasawa da sauransa. Na goge a bakin zanena, na ce kar wanda ya wanke min shi."

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, shekara shida tana cin sa. "Inna, ni fa garinmu..."

"Na sani. Tun shekarar da ka tahi Seydou ya hwaɗa min. Kai da ko tabki ba ka iya ba, wa zai aje ka bakin teku? Ni cewa na yi ka nuna min, ban ce ka tahi ba." Sannan ta ce, "Na gan shi, Zabeirou."

Shekararsa talatin da takwas, ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Ya zauna a kan bokiti ya yi kuka sosai, mai motar yana tsaye da makulli a hannu.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya samu shaddarka, wuƙar matarka, fentin ƙofar motarka ko zaman lafiyarka da dattawan gari. In an kore ka daga aiki saboda kuka a gaban kastoma, kai ka sani. Haka kuma in ka karya mataki na uku, kada ka neme ni. Zabeirou ya karya shi Lahadin da ta biyo baya, Rahina na tuƙi shi yana addu'a. Ya tsaya can nesa a kan yashi da safa da takalmi, ya riƙe mata hannu gam, ya kalli tekun gaskiya tsawon lokaci, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan bai yi kama da na Inna ba."