Ranar da Na Ɗaga Tukunyar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazarar 1994 ba, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a bayan gidanmu na Ɗanzomo. Mu huɗu ne: ni, da Gwaggo Hanne ƙanwar mahaifina, da Baffa Sale wansu, mai riƙe da gandun gida, da Mista Bitrus, malamin gona da na ɗauko daga Gumel a bayan babur. Sai kaji wajen talatin, waɗanda ban lissafa cikin mahalarta ba. Kuskurena na farko ke nan.

Magana ce a kan gayaunar Gwaggo, 'yar gonar da aka yankar mata bayan rasuwar mijinta. Ƙasar ta gaji, ta koma rairayi zalla, Baffa ya ce bana zai haɗe ta da gandu, ya riƙa ɗebar mata hatsi daga rumbu. Gwaggo ta ƙi. Rani biyu ke nan tana jan akurkinta na kara daga wannan gefe zuwa wancan duk bayan kwana uku, kajin su tona, su yi kashi, ta matsa gaba, kamar yadda ake sauke Fulani da shanunsu a gona don taki. Baffa wasa ya ɗauki abin. Amma ya yarda in malamin gona ya ce da amfani, zai bar mata.

Ni a lokacin shekarata ɗaya ina gabatar da shirin manoma a rediyo (rabona da fartanya kuwa tun ina aji uku na firamare). Na zo da rikoda a kafaɗa, da farar riga mai guga, da niyyar ceton Gwaggo.

Mista Bitrus ya durƙusa inda akurki ya tashi, ya damƙi ƙasa, ya sansana, bai ce komai ba. Shirun ya dame ni, don a aikinmu shiru laifi ne. Sai na hango tukwane biyar a kife a gindin aduwa, an yayyafa musu ruwa. Na tabbata kayan camfi ne. Na kuma tabbata in baƙon ya lura da su, zai raina aikin duka, Gwaggo ta rasa gonarta. Na ga gara in riga shi.

Na danna rikoda, na gyara murya.

"Masu sauraro, ga ragowar tsofaffin camfe-camfe, wai maganin shaho. Ilimin zamani zai kawar da su. Bari in nuna babu komai a ciki."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, da ka naɗe hannun riga."

Ban naɗe ba. Na ɗaga tukunya har ƙirji.

Cike take da busasshen kashin shanu da guntayen kara, gara kuma ta kwana biyu tana hawa ciki. Abincin kajin ke nan, kullum tukunya ɗaya. Kayan suka zubo mini. Garar nan masu manyan kai suka bi hannun riga zuwa hamata suna cizo. Kaji kuwa sun san ƙarar ɗaga tukunya fiye da yadda na san ƙarar buɗe tasha. Suka taso gaba ɗaya. Wani zakara ya sauka a kan rikoda yana tsattsagar ƙirjina.

Kaset na juyawa. Na saurare shi daga baya: minti ɗaya da rabi, babu jimla ɗaya ta daidaitacciyar Hausa, "wayyo Inna" sau shida (na ƙirga).

Baffa ya zauna a ƙasa don dariya. Mista Bitrus, Allah ya saka masa, bai dube ni ba. Ya buɗe wa Baffa tafin hannunsa, ya nuna masa ƙasar da ta yi duhu ta dunƙule, sannan ya damƙo ta can gefen gandu, ta zurare ta tsakanin yatsu.

"Baba, ba ta sayi dusa ba, ba ta sayi takin zamani ba," in ji shi. "Ashe ni koyo na zo."

Baffa ya share hawaye ya ce, "Hanne, riƙe gonarki. Amma ki ajiye mini tukunya ɗaya ranar da ɗan rediyo zai dawo."

Gwaggo ta kakkaɓe mini riga. Wannan ya fi cizon zafi.

Tun daga ranar, duk abin da na tarar a kife, sai na tambayi wanda ya kife shi kafin in buɗe baki.

Shirin ya fita ranar Talata, an yanke minti ɗaya da rabi. Gwaggo ta noma gayaunar har shekara tara bayan haka.