Tambai da Ƙaurar Fayiloli

Jikata Raliya ce ta fara ba ni labarin Tambai, abokin aikinta a wani ofishi a Funtua, inda suke aika wa manoma saƙon ranar shuka ta waya. Tambai magidanci ne, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa Goggo Delu, wadda ta ce masa wannan ne aiki na biyar, in aka sake korarsa kada ya shigo mata gida. Ya ɗaura ɗamara, ya ce duk abin da aka faɗa zai bi.

A kwamfutocinsu akwai wani abu kamar rajista, Git sunansa, mai riƙe tarihin kowane fayil: wa ya taɓa shi, yaushe.

Wata rana Oga Bilyaminu ya ce a sake wa fayiloli suna, yadda kowa ya gani zai san abin da ke ciki. Tambai ya raɗa wa guda suna mai layi bakwai, har da ranar da ruwan farko ya sauka bara.

Wata rana kuma Oga ya ce kada a matsar da komai sai an shigar a rajista. Kafin la'asar rajista ta cika: na matsar da kujera, na matsar da buta, na mayar da buta.

Wata rana aka raba musu fayiloli su kai sabon wuri. "Ɗaya bayan ɗaya," in ji Oga, "kada a taɓa abin da ke ciki." Masu wayo suka kwafe, suka yi wa ciki kwaskwarima, suka goge tsoffin, awa guda sun gama. Tambai kwana uku yana ɗauka ɗai-ɗai, har ɗari huɗu. Oga ya ce Tambai ya cika jinkiri, Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe a aiki.

Ran Alhamis manoma suka yi ta kira, saƙo ya ce su shuka gero a watan azumin bara. Aka shiga neman wanda ya ɓata saƙon. Fayilolin masu wayo tarihinsu ya yanke, rajista ba ta gane su ba. Na Tambai kuwa, sawu a fili. Aka bi, aka bi, sai ga sunan Oga a daidai inda aka yi ɓarnar.

"Ranka ya daɗe, in shigar da wannan ma?" in ji Tambai.

"Zauna kawai. Litinin ka zo da wuri."

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin nan na juye daddawata a gwangwanin madara, na rubuta a murfin da ɗan karatuna: da can tana cikin kwanon shuɗi.