Lokotoro Mailafiya da Hantar Surukinsa

"Ni Mailafiya, cikin mutum tamkar gidan ubana ne, ko ido rufe na san kowane lungu!"

Abokina, kada wannan kurari ya ruɗe ka. Gogan naka gadi ya taɓa yi a wata likita, wato asibiti, a Zinder, kusa da bangon da aka manna wa hoton cikin mutum. Da ya dawo garinmu Gangara sai ya naɗa wa kansa Lokotoro, wai shi dakta.

Ranar Layya shi da matarsa Kaltuma suka je gaida mahaifinta, surukinsa Baba Ila. Tsohon bai sa komai a baki ba tun asuba, don shi da hantar ragonsa yake buɗe baki kowace shekara. An yanka, an feɗe, an rataye rago da ƙafafun baya a jikin aduwa, saura farke ciki.

"Ku ba ni wuƙa, Baba."

"Ka iya kuwa?"

"Haba Baba! Rago ai mutum ne mai ƙaho."

Ya ɗauki gawayi ya zana wa cikin rago ɗaki tara.

"Sama ta dama hanta, tsakiya tumbi, hagu saifa. Gefe da gefe ƙoda, hanji ya kewaye cibiya. Can ƙasa, a mara, mafitsara."

Mu ƴan kallo muka ce, "Allah ya ƙara ilimi, Lokotoro!" Ba wanda ya tuna masa cewa mutumin hoto a tsaye yake, rago kuwa kansa na ƙasa. Wa zai ɓata wa kansa kallo?

Sarkin sani ya soka wuƙa can sama. Tsiii! Fitsari ya wanke masa gemu.

"Hantar ce ke tsiyaya?" in ji Baba Ila.

"Wannan ragon gininsa ba daidai ba ne, Baba."

Ya koma tsakiya da ƙarfi, tumbi ya fashe, ciyawar jiya ta sauka a kan rigar Sallarsa. Da ƙyar ya lalubo hanta can ƙasa, da ƴar jakarta koriya manne.

Kaltuma ta leƙo. "Malam, maɗaciya ce, a yanke ta a yar."

"Ke, yi mana shiru! Nan duk maganin yake."

Ya matse ta a kan hantar kamar lemon tsami, ya gasa, ya durƙusa ya miƙa.

Baba Ila ya yi bismilla, ya tauna sau ɗaya. Idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa har rawa suke. Ya tofar, kaza ta zo ta duba, ta yi gaba.

Tsohon ya kurkure baki, ya dubi ƴarsa.

"Kaltuma."

"Na'am, Baba."

"Duk ranar da cikinki ya murɗa, don girman Allah ki ce masa ɗan yatsan ƙafa ne."