Dabo Ya Ƙi Kwanan Zaure

"Ni Dabo, in hau keke in shiga ƙasar waje, sannan in tsaya ƙofar wani ina roƙon zaure? Allah ya kiyashe ni. Inda rana ta faɗi nan ne gidana, yadda Turawa ke yi."

Haka ya faɗa mana a gindin itacen bedin da muke zama a Ƙofar Marusa, nan Katsina, yana dukan sirdin kekensa sai ka ce keken ne ya yi masa musu. Ni kuwa da nake ba ka labarin nan ina gefe da famfona da kwanon ruwan faci, don sana'ata ke nan. Na san keken, na san mai keken. Iyakar nisan da Dabo ya taɓa yi a kansa Kambarawa ce, nan bayan gari, kuma da ya dawo sai da matarsa ta gasa masa baya.

Shekarar da soja suka koma bariki ne, zaɓe ya shiga jinin kowa. Masu shayi sun yi shugaba, 'yan acaɓa sun yi, har masu yankan farce an ce sun yi ma'aji. Mu ma mahaya keke na unguwa muka ce ba za a bar mu a baya ba. Kada ka raina kujerar, aboki. Shugaba shi ke gaba idan an yi jerin gwano zuwa ɗaurin aure, shi ake fara miƙa wa goro, kuma shi zai je ya gaishe da sabon ciyaman da sunanmu. Mutum biyu suka fito. Akwai Sammani, bawan Allah marar hayaniya da ya tsufa yana kai kaya kasuwannin ƙauye a kan keke. Sai Dabo, mai shagon sayar da sarƙa da ƙararrawa, wanda muke kira Gwamnan Sirdi shi kuma yana amsawa da gaske.

Abin da ya tayar masa da tsumi, wasu Turawa biyu ne da suka tsaya wurina yin faci, rana ta gasa su sun yi jajur. Dabo ya zo ya kafa musu Turancinsa na "hawa yu", da hannu da ka da gira, har ya gane cewa ƙasa-ƙasa suke bi a kan keke, kuma ba sa kama ɗaki. Tanti suke ɗauke da shi, su nemi fili mai arha su kafa su kwana. Kafin ƙurarsu ta kwanta Dabo ya zama malamin yawon duniya. Ya ce Sammani ɗan kai gishiri Caranci ne kawai, ƙungiya tana bukatar shugaban da ya ga ƙasashe. Ya rantse zai shiga Nijar, ya wuce Maraɗi, ya taɓo Damagaram, ya dawo daidai ranar Juma'ar zaɓe ya karɓi kujerarsa da zafinta.

Tanti ya gagara samu a Katsina. Sai gogan naka ya tara buhunan taki da aka zazzage, ya kai wa Haruna tela ya harhaɗa, ya sassaƙo turaku huɗu, ya kwanto igiyar shanya. Matarsa Safara'u ta tuna masa kawunta yana Maraɗi, ga ɗaki ga tuwo. Ya ce mata ba ta san zamani ba. Ta ce to Allah ya kai lafiya, amma ya aje mata tabarmarta, ba ta yafe ba. Haka ya tafi ba tabarma.

Sauran labarin daga bakin mutanen can muka ji, wani kuma daga bakin Dabo da kansa, ranar da ya manta yana fushi da mu.

Ya ƙetare iyaka ta Jibiya lafiya, sai dai ma'aikata sun kwance ƙunshinsa suna tambayar ina takin yake, suka yi dariya suka sallame shi. Da yamma liƙis ya isa wani wuri da mutanen can ke kira kampama, wato fili ne da aka kewaye, da famfo da makewayi, baƙo ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya kafa tantinsa. Abin da ya fito nema ke nan, ga shi Allah ya kawo shi har ƙofa. Amma da mai gadi ya faɗi kuɗin, sai jinin kasuwa ya motsa. Dabo ya taya rabi. Mai gadi ya ce ba akuya yake sayarwa ba. Dabo ya ce ƙasar Allah ce, yaushe aka fara sayar da kwanciya a kanta? Ya juya keke ya kama hanya a hankali, irin tafiyar da mai ciniki ke yi yana jiran a ce "zo ka kawo." Ya kaɗa ƙararrawa. Ya sauka ya duba sarƙar da ba abin da ya same ta. Ya waiwaya, sai ya ga mai gadi ya ja ƙyaure ya tafi alwala.

Girman kai ya hana shi komawa. Ya tura har wani ƙauye, aka tarbe shi yadda ake tarbar baƙo, da ruwa da gaisuwa mai tsawo. Wani dattijo ya ce ya zo ga zauren mai gari, an share, ga fura. Ka san dai al'adar, baƙo ba ya kwana a waje a garin Musulmi, abin kunya ne ga garin gaba ɗaya. Dabo ya sha furar tas, sannan ya ce ya gode, shi ba ya kwana ƙarƙashin rufin wani. Dattijo ya maimaita tayin har sau uku, ya gaji ya ƙyale shi.

A bayan gari ya samu wani fili, subhanallahi, a share, a daɓe, ba ƙaya ba tsakuwa. Ya ce ka ga abin da wancan mai gadin ya so ya sayar mini, ga shi kyauta har ya fi kyau. Bai tambayi kansa wa ya share filin ba, ko don me. Kaka ce, filin kuwa masussuka ce, inda matan gari ke sussukar gero.

Gari na wayewa mata suka iso da turame da taɓare. Suka ga tulin buhuna a tsakiyar wurin aikinsu. Wata mai suna Hajo ta ce Allah ya kawo na zuba gero, ta kama kunnen ɗaya ta fizga. Turaku suka zube, tulin ya yi gurnani, sai ga mutum ya fito da rarrafe daga shi sai singileti. Mata suka watse suna salati, taɓarya ɗaya ta sauka a ƙafarsa. Wannan duk mai sauƙi ne. Ƙaiƙayin geron da ya kwana yana birgima a ciki shi ne babbar shari'a. Wanda bai taɓa shiga ƙaiƙayi ba bai san susa ba. Dabo ya bar ƙauyen nan hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a cikin riga.

Mai hankali da ya koma kampama, ko ya nemi gidan kawun matarsa. Ina! Dabo ya ce kuskuren wuri ne, yau zai zaɓa da ilimi. A ƙauye na gaba ma aka yi masa tayin zaure, ya ƙi, yana magana yana susar haƙarƙari da gwiwar hannu. Wannan karon ya guji duk wurin da aka share. Ya samu wani lungu mai faɗi tsakanin shinge biyu, yashi mai laushi, iska na kaɗawa. Akwai kashin shanu birjik, amma ya ce ai alamar albarka ce. Ko ɗan yaye a ƙauye ya san burtali idan ya gani, hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Gwamnan Sirdi bai sani ba, ya kafa gidansa a tsakiya, ya jingine keke a bakin ƙofa.

Da sassafe garke ya taso zuwa mashaya. Shanu ba su da labarin yawon duniya. Ta farko ta shinshina ta wuce, ta biyu ta taka igiya, sai wani bijimi ya sa ƙaho ya ɗaga tantin ɗungurungum ya yi gaba da shi a ka. Sauran suka bi ta kan keke. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, ni da na gan ta daga baya sai da na yi mata ta'aziyya. Manoman da suka fito yankan dawa abin da suka gani shi ne wani mutum ba takalmi, yana gudu yana susa, yana bin bijimi yana ihu a tare masa, sa ya gudu da gidansa.

Labari a ƙauye ya fi keke sauri. Kafin Dabo ya jawo gurgun kekensa zuwa gari na uku, da ragowar buhu a kafaɗa saboda rigar ta yage a shinge, kowa ya san da zuwansa. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya daɗa ruɗa shi ke nan. Aka yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, aka janye yara, aka kai shi gaban mai gari, ga liman a gefe.

Mai gari ya tambaye shi cikin lallashi ko yana da gida a Katsina. Ya ce ƙwarai, har da soro. Mata fa? Akwai. Wani ya kore shi ne? Dabo ya yi dariya ya ce wa ya isa.

"To, ɗana," in ji mai gari, "an ba ka zaure a garuruwan da ka wuce?"

"An ba ni, na ƙi."

"Kai da kanka ka zaɓi burtali?"

"Da kaina. Ranka ya daɗe, ba za ka gane ba. Ni shugaba ne, ranar Juma'a za a tabbatar."

Mai gari ya dubi liman, liman ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sawwaƙe. Aka kawo fura da rubutu a ciki, Dabo ya shanye ya ce furar ƙasar waje har wani ƙamshin tawada gare ta. Aka kai shi zaure, wannan karon ba tayi aka yi masa ba, kama hannunsa aka yi. Aka sa wani ƙato mai suna Babaji ya zauna a bakin ƙofa. Dabo ya ji daɗi har ransa, ya ce sai yanzu aka samu garin da ya san darajar manya, har da mai tsaron lafiya. Ya yi ta barci yana tashi yana cin tuwo har Juma'a ta zo.

Ranar aka ɗora shi a motar wake mai zuwa Katsina, keke a sama, Babaji a gefe riƙe da gefen wata tsohuwar riga da mai gari ya ba Dabo ya sa. Tun kafin a shiga gari Dabo ya so a sauke shi, ya lallaɓa gida ya yi wanka ya fito da fasali. Babaji ya ce a'a, mai gari ya ce hannu da hannu, sai ya ga mutanensa. Dabo ya lissafa ya ga ai ma gara haka, ɗan takarar da ya dawo da ɗan rakiya daga ƙasar waje wa zai ja da shi?

Muna gindin bedi bayan la'asar, Malam Yahaya da muka sa ya jagoranci zaɓe yana cewa a ɗan ƙara jira, sai ga su. Wallahi tausayinsa na fara ji kafin dariya ta zo. Ya rame, wuya duk sawun farce, keke a kafaɗar Babaji. Amma bakin nan yana nan. Ya ɗaga hannu ya fara jawabi, wai ya ga abin da idon Sammani ba zai taɓa gani ba, sarakuna sun sauke shi, ga ma wakilin da aka haɗo shi da shi, a tambaye shi.

Babaji ya aje keke, ya durƙusa, ya gaishe da Malam Yahaya tun daga gajiya har iyali har dabbobi. Sannan ya ce mai garinsu na gaisuwa, ya ce a kawo mana ɗan'uwanmu, kuma a yi masa magani da wuri tun abin bai yi nisa ba.

"Ba shi dukan kowa, ba shi jifan kowa," in ji Babaji. "Abinci ma shina ci sosai. Ku dai kar ku bari shi kwana waje. In kuma ya ce shi shugaba ne, kar ku yi mashi gardama, ku ce mashi e. Haka muka yi ta lallaɓa shi har muka iso."

Sai wani can baya ya shaƙe da dariya, shi ke nan aka ɓarke. Malam Yahaya yana share hawaye ya ce masu son Sammani su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, har na waɗanda suka ci goron Dabo, har nawa da famfo a ciki.

Dabo ya yi tsalle ya dire, ya ce maguɗi ne, ƙarya ne, wannan ƙaton bai san abin da yake faɗa ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Ku saurare ni! Ni ne na ga duniya! Ni ne shugaba!"

Muka dubi Babaji, Babaji ya gyaɗa mana kai. Sai muka haɗa baki gaba ɗaya, a hankali, cikin lallashi, muka ce, "E, Dabo. Kai ne."